Bitamin da koyon ƙwaƙwalwa: ƙwayar ce ke aiki ko enzayim ɗin da ke sarrafa ta?

Malam Habu
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana kimiyyar jiki da ke cikinmu. Kwana biyun nan duk inda na leƙa a intanet sai na ci karo da tallar ƙwayoyin bitamin wai suna ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Jiya wani ɗalibina ya tsare ni bayan darasi, ya ce Malam, in dai ƙwaƙwalwa tana koyon abu ne ta hanyar ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi kamar yadda ka koya mana, to ta ina bitamin ya shigo? Na ba shi amsa sama-sama ya tafi, amma ni kaina ban gamsu da abin da na faɗa ba. Wa zai warware mini?

Sadiƙ
Wa'alaikumus salam. Malam, in an gano wadda take aiki don Allah a sanar da ni, jarrabawa saura mako uku 😂

Malama Zulai
Malam Habu, ka riƙe ɗalibin nan da kyau, zai yi nisa. Bari in fara daga mahaɗar kanta, don in ba a gane ta ba sauran maganar ba za ta zauna ba.

Ƙwayoyin jijiya ba manne suke da juna ba. Tsakanin bakin wannan da reshen waccan akwai ɗan gibi siriri ƙwarai, ta farko ta fesa sinadari, ta biyu ta cafke. Charles Sherrington ne ya raɗa wa wurin suna sinaps a 1897. Ƙarfin wannan isar da saƙo ba a tsaye yake ba, yana hawa yana sauka gwargwadon amfani. Donald Hebb ya yi hasashen haka a 1949, sannan a 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka wallafa aikin da suka yi a Oslo kan zomaye: in aka ɗirka wa wata hanyar jijiya a hifokamfos, sashen ƙwaƙwalwa mai kafa tunani, wutar lantarki da sauri-sauri na ɗan lokaci, mahaɗar takan zauna da ƙarfinta har sa'o'i. Shi ake kira LTP. Kishiyarsa, wato raunana mahaɗa, LTD.

Mai tsaron ƙofar lamarin shi ne makarɓar NMDA, wato furotin mai cafke sinadarin a jikin ƙwaya ta biyu. Magnesiyam yana toshe bakinta kamar marfin kwalba. Sai gulutamet, sinadarin da ƙwaya ta farko ke fesawa, ya zo, kuma ƙwayar da ke karɓa ta riga ta ɗau caji, sannan marfin ya fita, kalsiyam ya kwarara ciki. Kalsiyam ɗin ne ke sa a ƙaro makarɓun AMPA a wurin, ɗan tsiron da mahaɗar ke zaune a kai kuma ya kumbura. Wannan kumburin ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Yanzu bitamin. Abin da ka haɗiya ba shi ke aiki ba. Ɗauki B6. Wanda ke cikin ƙwaya firidoksin ne, kuma a haka jiki ba abin da zai yi da shi. Enzayim furotin ne mai juya sinadari a jiki. Sai enzayim ɗin firidoksal kainez ya liƙa masa fosfet, wani mai suna PNPO ya sake juya shi, sannan ya zama PLP. PLP ɗin ne makamin aiki, kuma ayyukan enzayim kusan 140 ne suka dogara a kansa.

Sadiƙ
Anti, enzayim yana gyara bitamin don wani enzayim ya yi amfani da shi? Kaina ya fara zafi.

Malama Zulai
Haka ne ƙanena. Ka ɗauka maƙeri ne ya wasa wa manomi fartanya. Maƙeri ma'aikaci ne, manomi ma'aikaci ne, bitamin shi ne ƙarfen. Kuma shi PNPO ɗin ba ya motsi sai da FMN, wanda daga B2 ake yin sa. Ka ga ƙarancin B2 kaɗai yana iya dagula aikin B6.

Nasiru
Malama ta gama shimfiɗa, bari in ɗora. A ƙwaƙwalwa manoman da ke jiran wannan fartanya su ne manya. GAD, mai mayar da gulutamet GABA, wato birkin ƙwaƙwalwa, da PLP yake aiki. Enzayim ɗin da ke ƙarasa haɗa dofamin da serotonin shi ma haka. Amma wanda ya fi taɓa tambayar Malam Habu kai tsaye shi ne serin rasimez, wanda Herman Wolosker da Solomon Snyder da abokan aikinsu suka tace a Johns Hopkins a 1999. Shi ke yin D-serin. Makarɓar NMDA ba ta buɗuwa da gulutamet kaɗai, kwaɗo ne mai makulli biyu, na biyun ko gilaisin ko D-serin. A yankin CA1 na hifokamfos in ka rage D-serin, LTP ya yi rauni. To ga igiyar: B6, PLP, serin rasimez, D-serin, NMDA, LTP. Ɗalibinka zai iya rubuta ta a layi ɗaya.

Wani abin da ke burge ni: GAD iri biyu ne, GAD67 da GAD65. Shi GAD65, wanda ya fi taruwa a bakin jijiya, kaso mai yawa nasa yana zaune ne ba PLP a jikinsa, kamar motar da aka ajiye ba a kunna ba. Shi ya sa GABA ya fi sauran saurin jin canjin PLP.

Malam Habu
Madalla. To ashe masu talla ba su yi ƙarya ba kenan? In B6 ya ƙaru, PLP ya ƙaru, koyo ya ƙaru?

Dakta Maryam
A'a Malam, ba a nan gizo ke saƙar ba. Bari in kawo ta ɓangarenmu na likitocin yara, don mu ne muke ganin abin da ke faruwa in igiyar nan ta tsinke.

A farkon shekarun 1950 jarirai da dama a Amurka suka riƙa jijjiga ba a san dalili ba, daga baya aka gano zafin da ake dafa wata madarar gwangwani da shi ne ya lalata B6 ɗin da ke ciki. Wannan ƙaranci ne na gaske, an mayar da bitamin jijjiga ta tsaya. Amma a 1954 aka bayyana jaririn da ba shi da ƙarancin komai a abincinsa, duk da haka farfaɗiyarsa ba ta jin magani sai firidoksin mai yawa. Shekara 52 aka yi kafin a gano sila, a 2006, ƙungiyar Peter Clayton da Philippa Mills a Landan: matsalar tana ƙwayar gadon ALDH7A1. Enzayim ɗin ma ba na bitamin ba ne, na narkar da laisin ne, ɗaya daga cikin tubalan furotin. In ya lalace sai wani sinadari ya taru ya riƙa cafke PLP yana kashe shi. Akwai kuma jariran da PNPO ɗinsu ne ya samu naƙasa. Da yawansu ko ka ba su firidoksin ba ya yi musu komai, don maƙerin ne ba ya nan, sai dai ka ba su PLP ɗin da aka riga aka ƙera.

Wanda ya fi ɗaure wa ɗalibai kai shi ne cutar haifofosfatasiya. Jaririn yana jijjigar rashin B6, ka auna jininsa ka ga PLP ya yi tashin gwauron zabi. Dalili: PLP ba ya ratsa bangon ƙwayar halitta da fosfet a jikinsa. Sai enzayim ɗin alkalin fosfatez ya cire masa fosfet a bakin ƙofa, ya shiga, kainez ɗin ciki ya sake liƙa masa. In mai cirewa ya lalace, kaya sun cika waje, cikin gida yunwa. Saboda haka ko awon jini ba ya gaya maka abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, balle abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Hajiya Binta
Dakta, Allah ya yi miki albarka. Ni shekara talatin ina harhaɗa magunguna, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutane su ce ai bitamin B ne, in ya yi yawa fitsari zai fitar. Babban mutum miligiram 1.3 na B6 yake buƙata a rana. A 1983 Herbert Schaumburg ya ba da rahoton mutum bakwai da suka riƙa shan giram 2 zuwa 6 kullum, jijiyoyin ji na ƙafa da hannu suka lalace, wasu ba sa iya tafiya daidai. Amurka ta sa iyaka miligiram 100 a rana, hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai kuma a 2023 ta sauke tata zuwa 12. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ke shan ƙwayoyi kala uku, kowacce da B6 a ciki, ba ta sani ba. Ƙafafunta suka fara mutuwa, sai ta ƙara wata ƙwayar bitamin B wai don jijiya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Inda muke ba da shi da hujja daban ne. Mai shan aisoniyazid na tarin fuka akan haɗa masa da firidoksin, don maganin yana cinye B6.

Sadiƙ
Hajiya kin kashe mini kasuwa tun ban buɗe ba.

Nasiru
Yanzu aka zo wurin da nake jira. Duk maganar da aka yi ta masu kunna bitamin ce. Akwai mai kashewa a cikin ƙwayar jijiya, PDXP, wanda ke cire wa PLP fosfet. Enzayim ɗin nan suna biyu gare shi, kuma labarin sunan shi ne labarin gaba ɗaya. Masu nazarin bitamin sun san shi da firidoksal fosfatez. A 2005 sai Antje Gohla da Gary Bokoch a cibiyar Scripps suka gano wani furotin da ke cire wa kofilin fosfet, suka sa masa kuronofin. Ashe shi ne dai, mutum ɗaya riga biyu.

Kun tuna kumburin tsiron da Malama ta ce a riƙe? Tsiron nan da zaren aktin aka gina shi. Kofilin almakashi ne mai yanka zaren. In LIM kainez ya liƙa masa fosfet sai almakashin ya rufe, in kuronofin ya cire sai ya buɗe. Ma'ana enzayim ɗin bitamin B6 yana da hannu kai tsaye a siffar mahaɗa, ba sai ta hanyar bitamin ba.

A 2016 masu bincike a Jami'ar Hallym ta Koriya ta Kudu suka gwada a ɓeraye. Waɗanda aka ƙara musu enzayim ɗin, tsironsu ƙanana ne kamar ba su nuna ba, amma sassauyawar mahaɗarsu ta ƙaru. Waɗanda aka cire musu shi, tsironsu ya yi ƙato-ƙato, sassauyawar ta rikice. Sun kuma nuna yana shafar yadda sashen GluN2A na makarɓar NMDA ke riƙe da furotin PSD95. Ni a wurina wannan ya nuna aikin aktin ne babba, maganar bitamin rakiya ce.

Malama Zulai
Nasiru, ka faɗi rabi ka ɓoye rabi. Ita Gohla ɗin da ka ambata, bayan ta koma Würzburg a Jamus, ƙungiyarta ta yi nata ɓerayen marasa PDXP, suka wallafa a 2019. PLP a ƙwaƙwalwa ya haura har ninki uku. GABA ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Dofamin da serotonin da gulutamet ba su motsa ba, wanda ya dace da abin da ka faɗa da bakinka game da GAD65. Kuma ɓerayen sun fi 'yan uwansu koyon hanya da tuna ta. Wadda ta raɗa sunan kuronofin ce da kanta ta zo tana nuna maka ɓangaren bitamin. Ta yaya zai zama rakiya?

Nasiru
Ban ɓoye ba Malama, ina zuwa ne. Amma ki faɗi sauran: ɓerayen sun ɗan ƙara tsoro, kuma sun yi baya a gwajin motsa jiki.

Malama Zulai
Sun yi, kuma hakan ma hujjata ce, don abin da ƙarin GABA zai haifar kenan.

Nasiru
To ki warware mini wannan. GABA birki ne. Kowa a fagen nan ya san in kana son LTP ya fito da sauƙi a yankan hifokamfos, toshe makarɓun GABA kake yi. Ta yaya ƙarin birki zai ƙara koyo?

Malama Zulai
Don LTP a faranti ba shi ne koyo ba. Wannan ita ce cutar ku masu aiki da yankan ƙwaƙwalwa, kun ga layi ya hau a kwamfuta kun ce ɓera ya yi ilimi. Dabbar da ke neman hanya tana buƙatar wasu ƙwayoyin su yi magana wasu su yi shiru. In kowa na ihu a aji ba wanda ke jin malami. Birki mai kyau yana tace saƙo. Sannan gwajin biyu ba iri ɗaya ba ne: ɓerayen ba tsatso ɗaya ba, yadda aka cire ƙwayar gadon daban, abin da aka auna daban. Ban ce na Koriya ba su ga abin da suka gani ba. Cewa nake in ka cire enzayim mai aiki biyu, ka taɓa abu biyu a lokaci ɗaya, ba ka da ikon ɗora sakamakon kan wanda ka fi so.

Nasiru
Wannan takobin mai kaifi biyu ne Malama, ke ma ya sare ki.

Malama Zulai
Ya sare ni, na yarda. Amma ni ina da awon PLP ninki uku a hannu.

Dakta Maryam
Ku biyun nan in aka bar ku sai asuba. Abin da ya shafe ni shi ne a 2024 ƙungiyar Würzburg ɗin ta ba da rahoton wani sinadari, 7,8-DHF, da ke toshe PDXP ya ɗaga PLP a ƙwayoyin hifokamfos na ɓera. Kun ga inda masu neman magani suka dosa: ba ƙara bitamin a ciki ba, rage mai kashe shi a inda ake buƙata. Amma kafin wani ya ruga neman sa, aikin ɗakin gwaji ne, ba a kai ga majiyyaci ba.

Aliyu
Salam. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Ni an yi mini gwajin ƙwayoyin gado an ce ina da MTHFR, wai shi ya sa nake yawan mantuwa, sai na riƙa shan wani folet na musamman. Wannan ma cikin maganar yake?

Dakta Maryam
Malam Aliyu, kowa yana da MTHFR, enzayim ne. Abin da suke nufi kana da nau'insa da ake kira C677T, wanda aka bayyana a 1995. Yana ɗan rage ƙarfin enzayim ɗin, kuma miliyoyin mutane suna ɗauke da shi lafiya lau. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwayoyin gado ta Amurka ta ba da shawarar a daina yawan yin gwajin. In mantuwa na damunka, a duba barcinka, da damuwa, da maƙoƙo, da B12 musamman in kana shan metfomin na ciwon suga. Ka je a gan ka ido da ido, kar ka tsaya a kan takardar nan.

Malama Zulai
Amma tambayarsa ta buɗe wata ƙofa. MTHFR yana shirya folet, wato bitamin B9, metayonin sintez mai aiki da B12 ya karɓa ya mayar da homosistin metayonin, daga nan a samu SAM, wanda ke raba rukunin metil a jiki har kan DNA. Courtney Miller da David Sweatt sun nuna a 2007 cewa liƙa metil a DNA na hifokamfos yana canzawa yayin da ɓera ke kafa tunani, in aka hana shi tunanin ba ya zama. Homosistin kuma in ya taru yana tsokanar makarɓar NMDA. Hanyar a takarda tsaf take.

A jikin mutum ne ta cakuɗe. Gwajin VITACOG na Oksfod a 2010 ya ba tsofaffi masu 'yar mantuwa folet da B12 da B6 shekara biyu, ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100, a masu homosistin mai yawa ma fiye da rabi. Sai a 2014 Robert Clarke, shi ma daga Oksfod, ya tattara gwaje-gwaje na mutum kusan 22,000, ya ce bai ga wani tasiri a kan fahimi ba. Gari ɗaya, amsa biyu. Ni na fi karkata ga cewa wanda ke da giɓi ne ke amfana, in ka zuba kowa a tukunya ɗaya sai amfanin ya narke.

Hajiya Binta
Tunda an ambaci B12, matasa ku ji. Iskar dariya da ake shaƙa a balan-balan tana kashe B12 ɗin da ke jikin metayonin sintez. Mutum yana iya samun B12 daidai a awon jini amma enzayim ɗin ya tsaya cik, laka ta lalace. Magana ɗaya ce da ta Dakta ɗazu.

Aliyu
Na gode ƙwarai. Zan je a duba ni.

Nasiru
Kafin a watse, ba zan yafe wa kaina ba in ban kawo bitamin A ba, don a nan ne hujjar ta fi ƙarfi a duk fagen, kuma a nan ne ni da Malama ba za mu yi faɗa ba.

Retinol, wato bitamin A ɗin kansa, ana juya shi retinal, sannan enzayim ɗin RALDH ya mayar da shi retinoyik asid. Matakin ƙarshen nan ba ya komawa baya, sai dai enzayim ɗin CYP26 ya rushe shi. Da an ɗauka aikinsa na tayi ne kawai, lokacin da ake tsara jiki a ciki. A 1998 aka nuna ɓerayen da aka cire wa makarɓun RAR-beta da RXR-gama suna rasa LTP ko LTD a hifokamfos. A 2001 aka hana manyan ɓeraye bitamin A, LTP ya raunana, LTD ya kusa ɓacewa, da aka mayar musu abin ya dawo. Wannan dawowar ita ce muhimmiya, don ta nuna ba ginin ƙuruciya ne ya lalace ba, aiki ne na yau da gobe.

Sai kuma abin da ya fi daɗi. Akwai wata sassauyawa daban da ta Hebb, wadda Gina Turrigiano ta bayyana a 1998. Ku yi tunani: in duk mahaɗar da ta yi aiki ƙarfi take ƙarawa, wata rana ƙwaƙwalwa za ta kama da wuta. To ƙwayar jijiya tana da hanyar daidaita kanta, in shiru ya yi yawa ta ƙara murya, in hayaniya ta yi yawa ta rage. A 2008 ɗakin binciken Lu Chen ya nuna in aka yi wa mahaɗa shiru, ƙwayar jijiya da kanta take fara haɗa retinoyik asid. Abin da ke tayar da haɗin shi ne raguwar kalsiyam a reshe. Asid ɗin ya kama makarɓar RAR-alfa, ba a cibiyar ƙwaya ba inda kowa ya san ta, a can cikin reshe inda take danne saƙon ƙera GluA1, wani sashe na makarɓar AMPA. Da ya kama ta sai ta saki, a ƙera sababbin makarɓun AMPA nan take a wurin. In ka toshe RALDH duk wannan ba ya faruwa. Daga baya suka nuna hanyar ba ta aiki in babu furotin FMRP, wanda rashinsa ke kawo cutar Fragile X. A 2021 kuma ƙungiyar Andreas Vlachos a Freiburg ta ga retinoyik asid yana ƙarfafa mahaɗa a yankan ƙwaƙwalwar mutum da aka ciro lokacin tiyata.

Hanta cike take da ajiyar bitamin A ta watanni. Abin da ke yanke hukunci shi ne yaushe RALDH zai kunna, a wane reshe.

Malama Zulai
A nan kam na sa hannu. Sai dai ka lura, a wannan karon kai ne kake cewa sinadarin bitamin ɗin ne ke aiki.

Nasiru
RALDH riga ɗaya gare shi Malama, shi ya sa.

Dakta Maryam
Kuma mata masu ciki su ji da kyau: yawan bitamin A da maganin ƙurajen fuska aisotiretinoyin suna naƙasa tayi. Saƙo ne mai ƙarfi, ba abin wasa ba.

Sadiƙ
Bitamin D fa? Shi na fi gani a talla.

Malama Zulai
Darryl Eyles da John McGrath a Ostireliya sun nuna a 2005 cewa ƙwaƙwalwar mutum tana da makarɓar bitamin D da enzayim ɗin da ke kunna shi. Gwajin ɓeraye akwai. Amma babban gwajin VITAL a Amurka ya ba mutum fiye da 18,000 bitamin D ko ƙwayar bogi sama da shekara biyar, bai rage kamuwa da ciwon damuwa ba. Tallarsa ta fi hujjarsa tsawo.

Hajiya Binta
Kun tsallake B1, wanda shi ne ya fara nuna wa likitoci mantuwar rashin bitamin tun kafin a san kalmar. Carl Wernicke ya bayyana ciwon a 1881, Sergei Korsakoff a 1887, Casimir Funk bai ƙirƙiro sunan bitamin ba sai 1912. Mai ciwon Korsakoff za ka gaisa da shi, ka fita ka dawo, ya sake tambayarka wane ne kai. Shi ma tayamin, wato B1 ɗin, sai enzayim ya liƙa masa fosfet biyu kafin ya taya ƙona suga, kuma ƙwaƙwalwa da take kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki tana cin kusan kashi 20 na makamashi. Shi ya sa in aka kawo wanda giya ta cinye ko mai ciki da amai ya galabaitar, ba a ɗaura masa ruwan suga a manta da tayamin.

Malam Habu
Jama'a Allah ya saka da alheri, na samu abin da ya fi ƙarfin darasi ɗaya. Na zauna na zana abin da zan sa a allo gobe, B6 kawai zan ɗauka don kar in rikita su. Na sa firidoksin a hagu, kibiya ta bi ta kainez da PNPO zuwa PLP, daga PLP kibiya biyu, ɗaya zuwa GABA ɗaya zuwa D-serin da NMDA. A ƙasa na sa PDXP da kibiyar da ke mayar da PLP baya. Akwai gyara?

Malama Zulai
Ka sa B2 ƙarami a saman PNPO. Sauran ya yi.

Nasiru
Allah ya gafarta Malam, PDXP ɗinka kibiya ɗaya gare shi. Ka ja ta biyu zuwa kofilin da tsiron mahaɗa.

Malam Habu
In yaron ya tambaye ni wacce ta fi kauri fa?

Malama Zulai
Ta PLP.

Nasiru
Ka zana su da alli ɗaya Malam, sannan ka turo mana shi nan.